Littafin Kells da Yadda Aka Yi Masa Tagwai

A cikin shekara ta 806 mayaƙan teku daga arewacin Turai suka fāɗa wa tsibirin Iona, a gaɓar Sikotlan, suka kashe mutum 68 daga cikin masu zaman zuhudu da ke bauta wa Allah a can. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira suka ƙaura zuwa Kells, a ƙasar Ailan. A wannan zamani ne, wajen shekara ta 800, aka rubuta littafin da yau ake kira Littafin Kells. Bishara huɗu ne, Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, cikin harshen Latin.

Da hannu aka rubuta shi, a kan fatar maraƙi. An kimanta cewa aikin ya ci fatun maruƙa wajen 185. Ba a sa zinariya a shafukansa ba. Rawayar daga wani dutse aka niƙo ta, shuɗin kuwa daga wani ganye ne mai ba da shuni irin na baba. Inda Matiyu ya soma labarin haihuwar Yesu, haruffan farko na sunan Almasihu sun cika shafi guda, kuma a cikin zanen akwai mala'iku, har da kyanwoyi da ɓeraye.

Littafin ya sha wuya. A shekara ta 1007 aka sace shi daga majami'ar Kells. Bayan wata biyu da kwana ashirin aka same shi binne a ƙarƙashin ciyawa, an raba shi da adonsa na zinariya. Waɗansu warƙoƙi sun ɓace, saura 340. Daga baya wani mai ɗinkin littattafai ya datse gefunansa, har wuƙarsa ta ci waɗansu zane-zane. Tun ƙarni na 17 yana ajiye a Kwalejin Trinity da ke Dublin, inda a 1953 aka sāke ɗinka shi kashi huɗu.

Daga nan wata matsala ta taso. Littafin da aka yi domin bagaden majami'a ya koma cikin akwatin gilashi. Haske yana kashe launi, hannu kuma yana kankare shi. Mai ziyara yakan ga shafin da aka buɗe ne kaɗai, sauran kuwa a rufe. Tafiya ma haɗari ce, gama a shekara ta 2000, da aka kai kashin da ke ɗauke da Bisharar Markus nuni a Kambera ta Ostireliya, launinsa ya ɗan taɓu a hanya. In an ɓoye littafin, ba mai amfana da shi. In an bar kowa ya juya shi, zai lalace.

Mafita ita ce a yi masa kwafi wanda zai yi kama da shi ƙwarai. A 1951 wata maɗaba'a a birnin Bern ta Suwizalan ta gwada, amma yawancin shafukanta baƙi da fari ne. A 1979 maɗaba'ar Faksimile Verlag ta birnin Luzern ta nemi izinin buga shi duka da launi. Hukumar kwalejin ta ƙi da farko, domin fata ba ta kwanciya sumul kamar takarda, kuma danne ta domin ɗaukar hoto zai iya ɓata zanen. Sai a 1986 aka yarda, bayan an ƙera wata na'ura mai jan iska a hankali, wadda ke miƙar da warƙa ba tare da an taɓa fuskarta ba.

Aikin ya bukaci haƙuri. Bayan an ɗauki hoton kowane shafi, sai a buga gwaji, a kai shi Dublin, a jera shi kusa da na asali, a gyara launi inda ya kauce. Ba a yarda a ƙawata kome ba. An yanka gefen takarda yadda na fatar yake, an huda ta inda fatar ta huje. Har kuskuren marubutan farko aka bari. Akwai shafi a cikin Bisharar Luka da aka rubuta sau biyu, sa'an nan aka zana masa jajayen gicciye alamar a tsallake shi. Yana nan a kwafin yadda yake. A 1990 aka gama, aka buga guda 1,480, tare da littafin bayani na masana.

Kwafin yana da tsada. Duk da haka ya mayar wa mutane abin da gilashi ya hana su, wato su juya littafin daga farko har ƙarshe. Daga baya kwalejin ta sa hotunan shafukan duka a intanet kyauta.

Kada a raina kwafi domin ba shi ne na asali ba. Marubutan da suka yi Littafin Kells su ma kwafa suka yi daga littattafan da suka riga su, ta haka kuwa Bishara ta bi hannu hannu tun kafin a san maɗaba'a. Ɗaya daga cikin kwafin nan na 1990 an ba majami'ar Angilikan ta garin Kells, wadda ke tsaye a filin tsohon gidan ibadar da aka sace littafin a 1007.