Kaki da Babbar Riga: Tasirin Tufafin Soja a Kan Suturar Hausawa, da Misali daga Wudil

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda tufafin soja suka shigo cikin suturar Hausawa, da kuma inda tasirin nasu ya tsaya. Mun ɗauki Wudil misali saboda dalilai biyu. Na farko, tsohuwar gunduma ce ta Makaman Kano, daga gidan Joɓawa, inda har yanzu ake ganin kayan yaƙin dā a jikin mahaya lokacin hawa. Na biyu, tun 1996 nan ne mazaunin dindindin na babbar makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Ke nan gari ne da rawani da kaki suke gogayya kullum.

Kayan Yaƙi Kafin Zuwan Turawa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin lura a nan shi ne, waɗannan kaya an yi su ne domin su kare jiki, kuma su firgita abokin gaba. Barde yana so a hango shi daga nesa, a san ko wane ne. Haka ma jan da koren da ke jikin dogarai, alama ce da ke sanar da kowa cewa ga ikon sarki nan tafe. Da yaƙin dawaki ya ƙare, sai kayan suka koma na ado, ana fito da su a hawan salla.

Shigowar Kaki

Kalmar kaki asalinta daga ƙasar Hindu take, ma'anarta launin ƙura. Wata rundunar Ingilishi da aka kafa a Peshawar a 1846 ita ce ta fara rina tufafinta da wannan launi, domin sojanta ya saje da ƙasa. Wannan sabon tunani ne: maimakon mayaƙi ya nuna kansa, sai ya ɓoye.

Hausawa sun daɗe cikin aikin sojan Turawa, tun daga 'yar rundunar da Kyaftin Gulaba ya tara a Ikko a 1863. A 1897 aka ba Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, ita ce kuwa ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 a ƙarƙashin Kanar Molan. Kayan fareti na sojojin wannan runduna su ne riga da gajeren wando na kaki, da jar dara, da jar falmaran mai bakin rawaya, da jan ɗamara. Da Hausa ake ba su umurni, saboda haka tare da tufafin aka sami kalmomi irin su soja da kofur da saje da samanja da bariki.

Ƙofofi Biyu

A ganinmu, ta ƙofofi biyu tufafin soja suka shiga cikin jama'a.

Ƙofar farko ita ce ta aikin hukuma. Daga shekarun 1920 aka fara raba aikin tsaron gari da dogarai, aka ɗauki 'yan gadi da 'yan doka na En'e, aka ɗinka musu kaya a kan tsarin na soja. Masinjoji da gandirobobi da dubagari duk sun bi wannan layi. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, dubban 'yan Arewa da suka yi yaƙi a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 suka komo gida. Da yawansu sun kama aikin gadi ko tuƙi ko masinja, suna sanye da tsohon kwat da takalmin da suka dawo da su. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara yawan sojan Nijeriya daga wajen 10,000 zuwa wajen 250,000, har ya zamana da wuya a sami gundumar da ba ta da mai kaki. A 1973 kuma aka ƙirƙiro aikin yi wa ƙasa hidima, aka sa wa duk wanda ya gama jami'a kaki na shekara guda. Daga nan ƙungiyoyi suka ara: 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da 'yan sintiri na unguwanni duk sun ɗauki riga mai aljihu biyu, da igiya a kafaɗa, da bel, da hula irin ta soja. Duk wanda yake son a bi umurninsa a bainar jama'a, sai ya nemi wannan kama.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hunturu da gwanjo. A Turai da Amurka rigunan sanyi da dama daga bariki suka fito. Doguwar rigar ruwa ta hafsoshin Ingila ta yi suna ne a ramukan Yaƙin Duniya na Farko, gajerar rigar matuƙan jiragen yaƙi da rigar fagen fama ta Amurka ta 1965 kuma suka zama kayan yayi na samari. Waɗannan su ne ake ɗaurowa cikin diloli, a kwance su a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai, 'yan koli su rarraba su zuwa ƙauyuka. Wanda ya je karar shanu ta Wudil ranar Juma'a da sassafe cikin watan Janairu zai ga dillalai da 'yan kamasho da direbobi sun ɗora irin waɗannan riguna a kan kaftani. Mai saye bai damu da asalinsu ba. Abin da ya sani shi ne suna da kauri, suna da aljihu, kuma suna da araha.

Batun Kaki Mai Roɗi-roɗi

A nan ne muka bambanta da ƙasashen Turai. Faransawa ne suka fara kafa sashen masu zanen ɓad da kama a 1915, daga baya zanen ya hau tufafin soja, sa'an nan ya bazu cikin kayan yayi. A Nijeriya kuwa doka ta hana farar hula sa kayan soja ba tare da izini ba. Shekarun mulkin soja, daga 1966 zuwa 1979 da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, sun dasa wa mutane tsoron wannan zane. Tun daga 2009 abin ya ƙara tsanani, domin an sha ganin masu tayar da ƙayar baya da 'yan fashin daji suna shiga irin ta soja. Saboda haka saurayin da ya tsinci wando mai roɗi-roɗi a gwanjo yakan yi tunani kafin ya bi da shi ta shingen bincike.

Kammalawa

Abin da muka gani shi ne, kaki ya sami gurbi a wurin aiki da kuma lokacin sanyi, amma bai kai ga wuraren da Bahaushe yake auna mutunci ba. Ba a ɗaurin aure da shi, ba a naɗin sarauta da shi, hafsan da ya yi fareti da safe ma yakan nemi babbar riga in zai tafi Idi. Janar Obasanjo a 1999 da Janar Buhari a 2015 duk cikin manyan riguna suka karɓi rantsuwar mulkin farar hula. Aikin da ke gabanmu shi ne tattara tsofaffin kayan mazan jiya da hotunansu da ke gidajen iyalansu a Wudil da sauran gundumomi, tare da jin bayanin telolin da suka yi ɗinkin kaki, tun kafin gara da mantuwa su riga mu.