Ƙididdigar masu karatu

ƙididdigar masu karatu (suna, mace): alƙaluman da gidan jaridar intanet ke tattarawa kan masu shiga shafinsa, wato mutum nawa suka buɗe labari, ta ina suka ɓullo, Google ko Facebook, da waya ko kwamfuta, kuma minti nawa suka yi kafin su fice. Misali: "Ranka ya daɗe, duba ƙididdigar nan, kanun labarin bai ja kowa ba."

Jaridar Guardian ta Ingila ta ƙirƙiro tata manhajar ƙididdiga, Ophan, a 2012. Wasu gidajen kuma kuɗin manhajar Chartbeat suke biya. Edita na zaune, lambobi na hawa da sauka a gabansa, nan take sai ya sauya kanu, ko ya ɗaga labarin zuwa saman shafi.

Amma fa danna labari daban, karanta shi daban. Tsegumi yakan fi rahoton kasafin kuɗi kasuwa, alhali kasafin ne ke taɓa tukunyar kowa, kuma editan kirki ba ya jingine shi don lambobi sun yi ƙasa. Don gane masu karatun gaske, manhajar Lantern da jaridar Financial Times ta fitar a 2016 tana auna daɗewar mai karatu kan labari da yawan dawowarsa.