Tarihin Gurɓatar Kogin Wuri da Unguwar New Bell ta Duwala

Gabatarwa

A shekarar 1472 Turawan Fotugal suka shigo bakin Kogin Wuri, suka tarar da jatan lande mai yawa, sai suka raɗa masa suna Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Daga nan sunan Kamaru ya samo asali. A yau wannan kogi shi ke kwasar dattin birnin Duwala ya kai shi Tekun Gini. Maƙalar nan ta bibiyi yadda aka kai ga haka, musamman ta fuskar New Bell, inda Hausawa suka daɗe da zama.

Asalin New Bell

A watan Yulin 1884 Jamusawa suka ƙulla yarjejeniya da Sarki Bell da Sarki Akwa. Daga 1910 suka tsara tayar da 'yan ƙasa daga gaɓar kogi, su mayar da wurin mazaunin Turawa. Hujjarsu ita ce kiwon lafiya: wai zama kusa da baƙar fata na kawo zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka aka bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakanin ɓangarorin biyu, aka yanka sabuwar unguwa a bayansa, wato New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914.

Da Faransawa suka karɓi mulki a 1916, New Bell ta zama masaukin baƙi. Hausawa fatake masu goro da shanu da tufafi suka zauna tare da Bamileke da Basa da wasu ƙabilu, kasuwanci ya bunƙasa a yankin da Babbar Kasuwa, wato Marché Central, take a yanzu. Sai dai wurin ƙasa ce mai kwari da dausayi, a garin da ruwan samansa ke haura milimita 3,500 a shekara, ga shi jama'a sun riga magudanan ruwa isowa. Tsarin da aka fake da lafiya aka yi shi, shi ya cusa talakawa inda lafiya ta fi wuyar samu.

Daga kwata zuwa teku

Bayan samun 'yancin kai a 1960, masana'antu suka yawaita a Basa da Bonaberi, tashar jiragen ruwa kuma ta zama ƙofar kayan Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Rafuka irin su Ngoua da Mboppi da Tongo Bassa suka koma masu ɗaukar ruwan masai da sharar kasuwa da leda zuwa kogi. A lokaci guda ana ta sare itatuwan gaɓar teku don gini da bandar kifi, alhali saiwoyinsu ne ke riƙe laka, a cikinsu kuma kifi da jatan lande ke hayayyafa.

Cutar takan fara a gida tun dattin bai isa teku ba. Da yake ruwan ƙasa na kusa, idan damina ta sauka sai masai ya haɗu da rijiya. Kwalara ta ɓulla a Duwala a 1971, ta sake ɓarkewa a 2004, inda ta kama dubban mutane.

Matakan gyara

An kafa kamfanin kwasar shara na HYSACAM a 1969. Kamaru na cikin Yarjejeniyar Abijan ta 1981 ta kare tekun yankin, kuma dokar hana leda marar kauri ta fara aiki a 2014. Duk da haka, har yanzu leda na toshe kwatoci duk damina.

Kammalawa

Ɗora wa mazauna New Bell laifin ƙazanta su kaɗai rashin sanin tarihi ne, domin matsalar ta faro tun ranar da aka yanka unguwar. Amma sanin haka bai sauke wa 'yan kasuwa da masu unguwanni nauyin tsabtace kwatocinsu ba. Kafin a ga tsabtar Wuri, sai an gyara magudanai da ruwan sha na unguwannin da ke bayansa.