Gidan Hutun Miango: Daga Mafakar Turawan Mishan Zuwa Dandalin Iyalai

A ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas da niyyar kai bishara ƙasar Hausa: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Kafin ƙarshen 1894 cuta ta kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyar da ya kafa, wato Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta samu gindin zama a Patigi, bakin kogin Kwara.

Wannan asarar rayuka ita ta haifi Gidan Hutun Miango. Shugabannin SIM sun fahimci cewa ma'aikacin da ba ya hutawa ba zai yi ƙarko ba. Dokta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, ya dage kan shan kwinin kullum, amma magani kaɗai bai isa ba. Jikin da zafi da sauro suka galabaitar yana bukatar sauyin iska. Komawa Turai kuwa tafiyar makonni ce a teku, ga tsada. Tunani irin wannan ne ya sa Jamusawa a Kamaru suka ɗauke hedikwatarsu daga damshin Duwala zuwa Buea, a gindin dutse. SIM ita ma ta duba sama, ta ga tudun Jos, mai tsayin sama da mita 1,200. Gab da Yaƙin Duniya na Farko aka kafa gidan a Miango, ƙasar Irigwe, yamma da Jos, cikin ƙaramar hukumar Bassa ta yanzu. Isowar layin dogo daga Zariya a 1914, albarkacin haƙar kuza, ta sauƙaƙa zuwa.

Tsarin wurin ba shi da wuyar fahimta. Ƙananan gidaje ne a warwatse cikin itatuwa, kowane iyali da nasa, amma a zaure ɗaya ake cin abinci, a majami'a ɗaya ake sujada. Iyalin da ya sha zafin bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, sai ya zo ya kwana da bargo. Da safe yara su hau dutsen da ake kira Sanderson, daga can su hango gonakin acca da shingayen ƙerana na Irigwe. Da yamma manya su zauna nazarin Littafi Mai Tsarki. Bingham ya yi imani da wannan haɗi na hutun jiki da na ruhu, har a 1924 ya kafa wani sansani irinsa a bakin tafkin Rosseau a Kanada, wanda ya raɗa wa suna Canadian Keswick.

Girma na biyu ya zo ta dalilin yara. A da, mishan kan bar ɗansa a gidan renon 'ya'yan mishan da ake kira Gowans Home, a garin Collingwood na Kanada, su yi shekara huɗu ko biyar ba su ga juna ba. A tsakiyar shekarun 1940 Paul Craig da matarsa suka buɗe makarantar kwana dab da gidan hutun, aka sa mata suna Kent Academy don tunawa da Thomas Kent. Daga nan hutun Miango ya zama lokacin saduwar iyaye da 'ya'ya. Sai dai rabuwar ba ta ƙare ba, gajarta ta kawai aka yi: yaro mai shekara shida kan yi watanni ba ya ganin uwarsa, kuma wasu tsofaffin ɗaliban sun girma da wannan tabo a zuciya.

Wanda ya zagaya bayan majami'ar gidan hutun, wadda ake kira Kirk, zai tarar da maƙabarta, da kaburburan manya da na jarirai a jere. Nan aka binne Dokta Jeanette Troup, likitar asibitin Jankwano a Jos, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawar wani da zazzaɓin Lassa ya kashe, ta rasu a watan Fabrairun 1970, shekara guda bayan an gano cutar.

Babban gwajin da gidan ya fuskanta shi ne sauyin masu shi da masu zuwa. A 1954 majami'un da SIM ta dasa suka haɗu suka zama ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta a Najeriya. Yawan Turawan mishan ya yi ta raguwa. Gidan da aka gina domin baƙi, ko dai ya samu sababbin baƙi ko ya zama kango. Sai aka buɗe ƙofa: tarurrukan fastoci, zumuntar mata, sansanin matasa lokacin dogon hutun makaranta, bitar ma'aurata, da iyalai masu son kwana biyu nesa da hayaniyar birni. Kent Academy ma ta cika da 'ya'yan 'yan ƙasa. Kuɗin kwana da na abinci suka zama ginshiƙin biyan albashi da gyaran rufi, maimakon gudummawar ƙetare.

Gwaji na baya-bayan nan ya fi ɗaci. Tun rikicin Jos na Satumban 2001 baƙi suka fara ɗari-ɗari da jihar Filato. Rikicin manoma da makiyaya ya addabi ƙasar Irigwe, hare-haren Yuli da Agustan 2021 kuma suka ƙone ƙauyuka a kewayen Miango, dubban mutane suka bar gidajensu. Kafin nan annobar korona ta hana taruwa a 2020. Wurin da ke rayuwa da baƙi, in hanya ta zama abin tsoro, ɗakuna sai su zauna fayau, alhali masu girki da masu gadi da masu shara, waɗanda akasarinsu 'yan yankin ne, suna jiran albashi.

Duk da haka gidan yana nan, ya haura shekara ɗari, kuma bukatarsa ba ta ragu ba, kamanninta ne suka sauya. Jiya zazzaɓi ke kawo mutane. Yau fasto ne da ya gaji da jana'iza, da gwauruwa mai marayu, da ma'auratan da zamansu ya yi tsami. Sanyin tudu kyauta ce daga Allah, amma sauran duk aikin mutum ne: a gyara famfo, a riƙe amanar kuɗi, a horar da masu ba da shawara, a kuma zauna da maƙwabta, manomi da makiyayi, Kirista da Musulmi, har hanyar Jos zuwa Miango ta zama wadda uba zai ɗauko iyalinsa ya bi ba tare da fargaba ba.