Kalankuwa da Zaman Lafiya a Yammacin Katsina

Kalankuwa biki ne na samari da 'yan mata wanda ake yi da kaka, bayan an kai gero da dawa rumbu. Samarin ƙauye kan aika goron gayyata zuwa maƙwabtan garuruwa, a ɗauko makaɗan kalangu, a share dandali, sa'an nan a kwana ana rawa, ana kokawa da dambe. A nan ne matasa kan naɗa sarakunansu na wasa, wato Sarki da Waziri da Alƙali, su kwaikwayi zaman fada. A nan kuma saurayi kan ga yarinyar da zai nema.

Biki irin wannan yana da sharaɗi guda, shi ne a iya tafiya da dare daga wannan ƙauye zuwa wancan ba tare da fargaba ba. Ƙasar Ruma, inda Batsari take, da maƙwabciyarta Safana, ba kullum suka sami wannan sharaɗi ba. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a wajejen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka kafa Maraɗi, suka riƙa kawo hari. Ruma ta zama bakin daga, jama'a suka takura cikin ganuwa, har aka san ƙasar da mayaƙa irin su Ɗanwaire.

Da Turawa suka shigo Katsina a 1903, hare-haren suka lafa. Manoma suka fita suka sari daji har gefen Rugu, ƙauyuka suka yawaita, hanyoyi suka buɗe, dandali ya sami sarari. Daga baya wa'azin malamai kan cuɗanyar maza da mata, da tafiyar samari cin rani birane, suka rage wa bikin armashi.

Amma abin da ya fi yi masa lahani shi ne dawowar tsoro. A shekarun da suka biyo bayan 2010, 'yan bindiga suka mai da dajin Rugu mafaka, kuma a 2020 suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya ba ya gayyatar makaɗi. Saboda haka duk mai son a raya kalankuwa, sai ya fara neman a tsare hanyar da baƙin biki za su biyo.