Waye Mai Injin? Tarihin Fulashin Injin Mainin, Daga Farm Centre Har Karaye

 Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba.

Bayan shirin da ya gabata wani ƙanenmu daga Rogo ya turo min saƙo. An yi masa tallar injin haƙar Bitcoin na hannu, kuma mai sayarwar ya ce zai ɗora masa wata manhaja ta musamman da za ta sa injin ya kusa ninka aikinsa. Yana tambaya ko ya sayar da babur ɗinsa ya saya. Na ce masa ya riƙe babur ɗinsa tukuna, ya saurari wannan shirin, don ni ma na taɓa bin wannan hanyar, kuma abin yana da tarihin da masu talla ba sa faɗa.

Mu fara daga abin da muka sani. GSM ya shigo Najeriya a 2001, kuma ba a jima ba sana'ar fulashin ta kafu a Kano, a Beirut Road da kasuwar waya ta Farm Centre. Wayarka ta ƙi tashi, ko an kawo maka ita daga waje a kulle, sai ka kai wa mai gyara ya jona ta da kwamfuta, ya goge abin da ke cikinta ya zuba sabo. Haka ake yi wa dikodar satalayit don tashoshi su buɗe. Wannan abin da ake gogewa ana zubawa shi ne famwaya, wato manhajar da ke zaune a cikin na'ura tana gaya wa ƙarfe abin da zai yi. Duk wanda ya taɓa kai waya fulashin ya san sakamako biyu ne: ko ta dawo garau, ko ta mutu murus ta zama bulo. Injin mainin ma haka yake, sai dai shi kuɗi ne ke bi ta cikinsa dare da rana.

Sai na bambance wani abu, saboda mu nan Arewa kalmar mainin ta samu wata ma'ana. Pi da aka fara a Maris na 2019, da Notcoin da ya fashe a Mayun 2024, da Hamster Kombat da ya bar mutane da ciwon yatsa a Satumban shekarar, duk danne-danne ne a waya, wayarka ba ta haƙo komai. Haƙar Bitcoin kuwa lissafi ne na gaske: injina a faɗin duniya suna gasar cankar wata lamba, wanda ya dace ya ɗauki ladan, kuma kowane canke yana cin wutar lantarki.

Lokacin da Satoshi Nakamoto ya ƙaddamar da Bitcoin ranar 3 ga Janairun 2009, kwamfutar gida ta isa. A 2010 aka koma amfani da katin hoto na masu wasan gem. A ƙarshen wannan shekarar wani ɗan Jamhuriyar Czech, Marek Palatinus, ya buɗe Slush Pool, inda ƙananan masu haƙa ke haɗa ƙarfi su raba abin da aka samu, kamar dai aikin gayya. A farkon 2013 injinan ASIC suka fito, waɗanda ba su iya komai ba a duniya sai wannan lissafin guda ɗaya. A shekarar ne kuma Jihan Wu da Micree Zhan suka kafa Bitmain a ƙasar Sin. A 2016 suka fitar da Antminer S9, injin da ya mamaye kasuwa: ƙwayoyin lissafi 189 a kan alluna uku, yana canke kusan sau tiriliyan 13 zuwa 14 a daƙiƙa guda, yana shan wuta wajen wat 1,300 zuwa 1,400. Wato kamar ka kunna dutsen guga ka ƙi kashe shi har abada.

To a nan rigimar take. Ka sayi inji da kuɗinka, amma manhajar da ke cikinsa ta kamfani ce. Waye mai injin?

A Afrilun 2017 aka samu amsar da ta girgiza mutane. Masu bincike suka gano cewa injinan Antminer suna tuntuɓar wata uwar kwamfuta ta kamfanin lokaci-lokaci, suna aika lambar injin, kuma idan amsar da ta dawo ta ce a tsaya, injin zai daina aiki. Aka sa wa abin suna Antbleed. Bitmain ya ce ba mugunta ba ce, wani tsari ne da aka fara don mai inji ya iya kashe kayansa daga nesa idan an sace, ba a kammala ba aka bar shi a ciki. Ya ba da haƙuri, ya fitar da gyara. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, abin da ya fito fili shi ne kamfani ɗaya, ko duk wanda ya yi masa kutse, yana da damar kashe wani babban kaso na injinan duniya. A cikin watan nan dai, Gregory Maxwell, ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar Bitcoin, ya yi zargin cewa akwai wata dabarar rage shan wuta mai suna AsicBoost a ɓoye cikin ƙwayoyin wani babban kamfani. Kowa ya gane Bitmain ake nufi. Kamfanin ya amsa cewa ƙwayoyinsa suna iya yin hakan, amma ya musanta cewa yana amfani da ita a ɓoye wajen haƙa.

Wannan rashin yardar ne ya haifi famwaya ta waje mai mutunci. A Satumban 2018 kamfanin Braiins na birnin Prague, masu tafiyar da Slush Pool, suka fitar da Braiins OS, kuma suka baje rubutun manhajar a fili, duk mai ilimin abin ya duba. Suka tabbatar S9 na iya AsicBoost a bayyane, da ragin wuta wajen kashi 13 cikin ɗari. A Oktoban shekarar Bitmain ya fitar da tasa famwayar mai buɗe wannan damar. Ku lura da wannan: ƙarfen bai canza ba. Mutane sun shekara biyu suna biyan kuɗin wutar da bai kamata su biya ba, don kawai an rufe wata ƙofa a cikin kayan da suka saya.

Daga baya aka zo da abin da ni a ganina shi ne amfanin gaske. Ƙwayoyin nan 189 ba ƙarfinsu ɗaya ba, kamar shanun huɗa ne, wani ya fi wani. Manhajar kamfani tana kora su duka da sanda ɗaya. Famwaya irin Braiins OS+ da ta fito a 2020, da VNish, da LuxOS daga baya, suna gwada ƙwayoyin su ba su gudun da za su iya ɗauka. Kana kuma iya rage wa injin wuta ya yi aiki a hankali, zafi ya ragu, ƙara ta ragu, abin da kake samu a kan kowane yunit na wuta ya ƙaru. Ba kyauta ba ce fa. Masu manhajar suna ɗaukar ladansu daga aikin injin, kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, kuma sun faɗa maka tun farko. Garantin kamfani kuma ya tashi daga ranar da ka yi fulashin.

Amma ƙofar da mai gyara ya shiga, ɓarawo ma ta nan yake shiga. A Janairun 2019 labari ya fito daga ƙasar Sin na wata cutar kwamfuta mai suna hAnt da ta kama injinan Antminer, musamman S9. Mai inji zai buɗe shafin injinsa ya tarar da hoton tururuwa da saƙo: ko ka biya Bitcoin 10, ko ka yaɗa cutar zuwa injina 1,000, in ba haka ba za a kashe fanka a bar injin ya ƙone. Abin da masu bincike suka fi zargi shi ne ta shigo ne a cikin famwayar ƙara gudu da mutane ke saukewa daga inda ba su sani ba. A shekarar Bitmain ya fara rufe hanyar shiga cikin injinansa, ya sa ba sa karɓar manhajar da ba ta da sa hannun kamfani. Ya ce tsaro ne. Masu injina da yawa suka ce an fake da guzuma ne don a harbi karsana. Ni dai ina ganin duka biyun akwai gaskiya a ciki.

Yanzu ga nawa labarin, kuma ba na alfahari da shi. A 2021 gwamnatin Sin ta hana haƙa, tsofaffin injina suka watsu a duniya. A ƙarshen shekarar ina hidimar ƙasa, ina tara ɗan abin da ya rage daga alawus na naira 33,000. Mu uku muka yi karo-karo muka sayi S9 na hannu, muka ajiye shi a bayan shagon cajin waya na ɗayanmu a Karaye. A lokacin Babban Banki ya riga ya hana bankuna hulɗa da kirifto tun Fabrairun shekarar, don haka komai a ɓoye muke yi, ba wanda za ka tambaya shawara a fili. Ƙarar injin kuwa, maƙwabta sun ɗauka injin markaɗe muka kawo.

Wani a wani guruf ya turo mana fayil, ya ce zai kai injin daga 13 zuwa 18, kuma kyauta ne. Kalmar kyautar nan ce ya kamata ta tsayar da ni, ni da na yi jami'a. Muka zuba. Shafin injin ya nuna 17, muka yi ta murna har da shan lemo. Sai bayan makonni na lura abin da ke shiga asusunmu a wurin gayyar bai kai ko na da ba. Injin yana gaya mana abu ɗaya, wurin da ake biya yana nuna wani. Da muka samu wanda ya fi mu sani ya duba, sai ga shi an saita manhajar tana karkatar da aikin zuwa wani asusu na sa'o'i a kowace rana. Mu ne da sayen fetur, wani da ba mu taɓa gani ba shi ne da kwasar amfani. Muka yi ƙoƙarin mayar da ta asali, fayil ɗin ya toshe hanyar, sai da aka bi ta katin memori. Kafin nan an riga an gasa ƙwayoyin. Ƙurar hunturu ta cika injin, zafin bazara ya shigo, allo ɗaya ya mutu a watan Afrilu, na biyu ya bi shi. Abotarmu ma sai da ta yi rauni, don kowa yana ganin laifin wani ne.

Ko da ba a cuce mu ba, lissafin yau ya bambanta da na 2021, kuma wannan nake so ƙanena na Rogo ya ji da kyau. A Afrilun 2024 ladan haƙa ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. A watan nan dai aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa wajen 209. S9 yana shan yunit kusan 32 a rana, wato sama da naira 6,500 kenan. Abin da yake haƙowa tun bayan ragin nan bai kai dala ɗaya a rana ba. Sa famwayar da ta fi kowacce kyau a duniya, ta rage maka kashi 20 na wuta, har yanzu asara kake tafkawa kullum. Wannan ma a inda wutar take zama ne. Mu da muka kwashe kwanaki a duhu a Oktoban 2024 lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, da janareta za mu yi? Sababbin injina sun fi S9 iya tattalin wuta nesa ba kusa ba, amma kuɗinsu ba na babur ɗaya ba ne, kuma su ne aka fi kullewa.

Akwai inda abin yake aiki a Afirka, kar a ce na ɓoye. Kamfanin Gridless yana haƙa a gefen ƙananan tashoshin wutar ruwa a Kenya da Malawi da Zambiya, kuma kamfanin Block na Jack Dorsey yana cikin waɗanda suka zuba masa kuɗi a 2022. Gandun dajin Virunga a Kwango yana yi tun 2020 da wutar ruwansa. Sirrinsu shi ne rarar wuta, wadda tashar ke samarwa amma babu mai saye a wannan sa'ar. Idan gari ya buƙaci wuta sai a sauke injinan nan take, idan dare ya yi a ɗaga su. A irin wannan wurin manhajar da ke ba ka iko da injin tana da daraja ta gaske.

Shi ya sa duk lokacin da matasanmu suka kawo maganar madatsar Challawa nake saurara. Ga ruwa nan a ƙasar Karaye tun da aka kammala dam ɗin a 1992, kuma tun zangon Kwankwaso na biyu ake maganar aikin wutar lantarki a Tiga da Challawa. Na ji masu cewa a kawo masu mainin su zuba jari. Ban ce a'a ba, amma ina da sharaɗi. Mai walda a Karaye, da mai injin casar shinkafa, da firjin allurar rigakafi a asibitin Rogo, su ne a gaba. Mai mainin ya sayi abin da ya rage, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa shi ake fara saukewa idan wuta ta yi ƙaranci, a kuma faɗi wanda makullin saukewar ke hannunsa. In ba a rubuta ba, mun san yadda ake yi: mai biya da dala shi zai samu layi na musamman, mu kuma mu ci gaba da kallon ruwa.

Ga wanda ya riga ya mallaki inji kuma yana da wuta mai arha, abin da na koya da kuɗina ke nan. Kar ka karɓi fayil daga hannun mutum, ko da abokinka ne, je shafin masu manhajar da kanka. Canza kalmar sirrin da injin ya zo da ita. Injin hannu kuwa, ɗauka cewa akwai wani abu a cikinsa, ka wanke shi ta katin memori kafin ka jona shi da intanet ɗinka. Kar ka yarda da lambar da injin ke nuna maka, ta wurin gayya ita ce ake biya da ita, ka kwatanta su na kwana biyu ko uku. A zafin garinmu kuma rage gudu ake yi, ba ƙarawa ba.

Na kira ƙanen namu jiya na karanta masa lissafin yunit 32 ɗin nan. Ya yi shiru, sannan ya ce mai sayarwar ya gaya masa sola za ta ɗauka. Na ce ya je ya tambayi kuɗin batirin da zai riƙe dutsen guga daga magariba zuwa wayewar gari, ya dawo mu yi magana. Idan ya dawo zan karanta muku amsar a shiri na gaba.

Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.