Fensir a Kasuwar Gombe, da Labarin Fadar da Ta Yi Ƙaura Sau Biyu



Tun ina zaune a Ingila na ɗauki wata ɗabi'a wadda har yanzu da na dawo gida ban rabu da ita ba, wato duk inda za ni sai na jefa ɗan littafi da fensir a jaka, in na ga tsohon gini in nemi inuwa in zauna in zana shi. Ni dai ba gwanin zane ba ne, domin sau da yawa in na zana zaure yarana kan ce sun zaci tanderu ne. To amma na lura cewa abin da mutum ya zauna ya zana da hannunsa ba ya fita daga ransa, saɓanin hoton waya da za ka ɗauki ɗari ka kasa tuna ko guda.

Kwanakin baya ɗaurin aure ya kai ni Gombe. Da aka watse sai na ce bari in shiga babbar kasuwa ko zan dace da wata tsohuwar ƙofa ko wani soro da ya rage. Na samu gefen wani shagon atamfa na tsaya, na buɗe littafi. Ko minti biyar ban yi ba sai ga mutane uku a kaina, ɗaya ya yi sallama ya ce, "Malam, lafiya? Me ake rubutawa?" Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A ranar 16 ga Yulin 2015, ana tsakiyar sayayyar ƙaramar sallah, bama-bamai biyu sun tashi a kasuwar nan, aka rasa rayuka masu yawa. Wanda ya ga wannan rana dole ya tuhumi baƙon da ya tsaya yana ƙare wa rumfuna kallo. Da na miƙa musu littafin suka ga layukan da na ja sai aka kwashe da dariya, mai shagon ya turo mini benci. Wani dattijo da ke zaune a wurin ya tambaye ni abin da nake nema, na ce tsohon gini. Ya ce, "Ai ka yi ɓatan kai, ɗana. In tsohon Gombe kake nema, ba nan yake ba."

Gaskiya dattijon nan ya faɗa. Masarautar Gombe ta samo asali ne daga Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci jihadi a ƙasar kogin Gongola daga 1804. Wajajen 1824 ya kafa hedkwatarsa a Gombe Abba, a bakin kogin, cikin ƙaramar hukumar Dukku ta yau. A can ya rasu a 1841, a can kuma kabarinsa yake. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1902 sai suka ga Gombe Abba ba ta yi musu ba. A 1913 aka mayar da fada Nafaɗa, inda jiragen ruwa kan iya hawowa da kaya in kogi ya kawo. A 1919 kuma, a zamanin Sarki Umaru, aka sake tashi zuwa Doma, wadda ta fi zama tsakiya kuma ta fi kusa da ƙasar Tangale da Waja. Doma ɗin nan ita ce Gomben da muka sani yau. Ke nan garin da nake zaune cikin kasuwarsa bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba a matsayin birnin sarki, alhali ganuwar Kano tana maganar ɗaruruwan shekaru.

Wannan ya sa na tambayi kaina: to ita Gombe ta farko, wa ya gan ta da ido ya zana mana? A ƙarni na 19 matafiyi mai neman ilmi ba ya rabuwa da fensir, domin na'urar ɗaukar hoto ta lokacin ba abin da za a ɗora wa raƙumi a ratsa Sahara da shi ba ne cikin sauƙi. Heinrich Barth, Bajamushen da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, tun daga kudancin Tarabulus a 1850 ya fara zana kaburburan Rumawa da hotunan da mutanen dā suka sassaƙa a jikin duwatsu. Da ya iso Kano a 1851 ya hau Dala ya zana birnin, har fasalin gidan da aka sauke shi ya fitar ɗaki-ɗaki. Wani mai zane, Bernatz, shi ya gyara zane-zanen aka buga su cikin littattafansa guda biyar a 1857 da 1858. Albarkacin wannan ne yau Bakano zai iya cewa ga yadda garinmu yake kafin zuwan kwano da siminti.

Gombe ba ta samu wannan rabo ba, domin hanyar Barth ba ta bi ta nan ba. Wanda ya biyo shi ne Eduard Vogel, wani matashi masanin taurari da aka turo ya tarar da Barth. A 1855 ya taso daga Kukawa ya ratso Gombe ya wuce Bauchi. Shekara ta zagayo, a 1856, aka kashe shi a ƙasar Wadai, akasarin takardunsa suka salwanta, sai wasiƙun da ya riga ya aika gida. Bayansa Gerhard Rohlfs ya wuce ta Gombe a tafiyarsa daga Kukawa zuwa Legas, tsakanin 1866 da 1867, amma shi mai wucewa ne, hankalinsa na kan teku. Ka ga ke nan, mai karatu, kamannin babban birnin wata masarauta guda sun rataya a jakar baƙo ɗaya ko biyu. Jaka ta ɓace, kamanni suka bi ta.

Haka labarin Burmi yake, a ƙasar Funakaye kusa da Ashaka. Gari ne mai ganuwa, wanda Malam Jibrilla Gaini ya mayar da shi sansani har ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru. Nan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yada zango da jama'arsa bayan faɗuwar Sakkwato, a hanyarsu ta hijira zuwa gabas, nan kuma aka kashe shi ranar 27 ga Yulin 1903. Shi ma Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa, a wannan rana ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har gobe. Garin Burmi kuwa aka rushe shi ya zama kufai. Wanda ya je yau kaburbura zai ziyarta. Ƙofa nawa garin yake da su, ina masallaci yake, ina kasuwa, sai dai a bi bakin dattawa.

Ba sai yaƙi ne ke cin gini ba. Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, sai da kulawar kullum. Ana jera tubali, a ɗora azara, a yi yaɓe, a shafe da makuba ko laso domin ruwa ya zame, a sa indararo ya kai ruwan nesa da bango. Duk shekara bayan damina sai an sake bi. Ranar da masu gida suka tashi, damina biyar ta isa rufi ya rufta, bango ya koma tudu, manomi ya zo ya shuka gero a kai. Rumawa sun yi gini da dutse, shi ya sa Barth ya tarar da abin zanawa bayan shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Namu kufan ba ya jira haka.

Akwai wanda ya gane wannan da wuri. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru tun daga wajen 1958 yana yawo a Nijeriya da ma'aikatansa, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa suna zanawa. Shi ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka kwaikwayi wani yanki na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990. Da yawa daga gine-ginen da ya auna yau a takarda kawai suka rage.

Da na gama wannan tunani a kan bencin mai atamfa, sai na ga ashe ni ma kuskure nake yi da nake raina abin da ke gabana don ba tsoho ba ne. Kasuwar Gombe ita ma tarihi ce. Auduga da gyaɗa da hatsi suka raya ta, jirgin ƙasa ya iso a 1963 ya ƙara mata jama'a, sannan aka ƙirƙiro jihar Gombe ranar 1 ga Oktoban 1996, gari ya buɗe ta ko'ina. Rumfar zana ta ba rumfar kwano wuri, ita kuma tana ba shagon bulo mai hawa biyu wuri a kan idonmu. Nan da shekara hamsin jikan mai shagon nan zai so ya san yadda layin kakansa yake, da yadda ake jibge buhuna a Tudun Hatsi. Saboda haka na zana layin yadda yake, da lanƙwasassun kwanuka da igiyoyin da aka rataye atamfa, na rubuta rana da shekara a ƙasa.

Kirana ga ɗalibanmu, musamman na Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, shi ne kada a jira wani Vogel. In hutu ya kai ka ƙauye, nemi izinin mai gida, ka auna zaure da taku, ka zana shi ta gaba da ta ciki, ka tambayi magini sunan kowane sashe ka rubuta, ka tambayi tsohuwar gidan wa ya gina kuma a zamanin wane sarki. Mai ƙyamar zanen abu mai rai ma ba shi da uzuri, domin bango ba shi da rai.

Da zan tafi na yage shafi ɗaya na ba mai shagon. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce rumfarsa ba ta karkace haka ba, amma duk da haka ya soke shi da allura a jikin katako kusa da kalanda. Dattijon kuma ya ce in na shirya zuwa Gombe Abba in bari sai bayan kaka, lokacin an girbe gonaki, ƙasa ta fito fili.

Allah ya kai mu, ya kuma jiƙan magabata. Sai mun sake saduwa.